Takin da Na Tara a Jidda

Sai da na kwana uku a Jidda kafin na gane babu tukunyar da ke jirana. Hajiyar da ta yi mana hanya ta ce akwai gidan abincin Hausawa da ke neman mai hannun miyar kuka, irin hannuna. Da muka gama Umra ta kwashe mu a mota, ta karɓi fasfunanmu wai za a buga mana takardar zama, ta sauke mu a wani tsohon gida a ƙarshen wani lungu, ta ce mu sha ruwa tana zuwa. Har yau tana zuwa.

Ni Gambo ce, 'yar Madabo. Cikin badala aka haife ni, cikin badala aka haifi wadda ta haife ni. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Ba yunwa ce ta fitar da ni daga Kano ba, wannan a sani. Ɗakin Inna ne. Da maigidana ya rasu na koma gidan ubana, ginin ƙasa ne, na tarar ruwa yana cin gindin ɗakin mahaifiyata. A ɗakin nan aka yanke mini cibiya, a ciki aka yi wa Inna wanka ranar da ta bar duniya. Magini ya duba ya ce sai an ɗaure gindin da siminti an sake azara, in ba haka ba damina biyu ya rage masa. Ɗana Sani tela ne a bakin kasuwar Kurmi, abin da keken ɗinki ke kawo masa na cefane ne. Na ce to, shekara biyu in je in dawo. Shida na yi.

Gidan da aka ajiye mu cike yake da mata: na Kano, na Katsina, na Damagaram, har da 'yan Chadi. Abin da na fara lura da shi kekunan jarirai ne jere a soro, sun fi goma, duk sun tsufa sun yi baƙi. Na yi ta sauraron kukan yaro ban ji ba. Sai na tambayi wata doguwar mata da ke tauna goro a bakin ƙofa, na ce, "Baiwar Allah, ina jariran?"

Ta dube ni tun daga kallabi har silifas. "Daga ina?"

Na ce, "Kano. Cikin gari."

"Na ji a bakinki. Uwar kabewa, gobe da safe zan kai ki ki ga jariran. Kullum haihuwarsu ake yi, ba arba'in ba suna."

Talatu ke nan, Bazazzagiya, shekararta tara a can. Tun ranar ba ta kira ni da sunana ba, ni ma ban taɓa ce mata komai ba sai baiwar gidanmu, don kowa ya san Zage-zagi bayinmu ne, ko da su suna cewa mu ne nasu.

Da gari ya waye ta tura kekenta na bi ta. Muka fita bakin wani babban titi, ta tsaya gaban wani tankin ƙarfe da ya kai ƙirjina, ta zaro ƙugiya, ta zura rabin jikinta a ciki. Tankin shara ne. Ta riƙa fito da gwangwanayen lemo tana takewa da ƙafa tana jefawa a keken. Na juya na koma gida.

Kwana goma na yi ina zaune. Ni da kakana ya karantar da rabin unguwa, in tsoma kai a bolar wani? Talatu ba ta yi mini wa'azi ba. Kullum da rana sai ta turo mini kwano da ƙafa ta ce, "Ci, Gimbiya. Kuɗin bola ne, amma an wanke shinkafar." A rana ta goma sha ɗaya kunyar kwanon ta fi kunyar tankin, na ari keken wata da aka kama don rashin takarda, na bi Talatu.

Da na leƙa cikin tankin nan ba ƙazanta na fara gani ba. Dukiya na gani. Shinkafa tire guda, ɓawon kankana, ganyen salak, ganyen shayi, ƙashi da sauran namansa, tokar gawayi daga wajen masu gasa nama. Matan suna ture duk wannan gefe suna neman gwangwani. Na ce a raina, ƙauyawa dai ƙauyawa ne, ba su san abin da ake sayarwa ba.

Bari in faɗa muku dalili, don yaran yanzu ba su taras ba. Lokacin da nake yarinya babu abin da ke fita daga gidanmu da sunan shara. Ƙwarya ta fashe, gyartai ya ɗinke. Gwangwanin madara ya zama ma'auni ko fitila. Zani ya mutu ya zama tsumma, tsumma ya mutu ya zama lagwani. Sauran, wato tokar murhu da kashin awaki da dusar da ta zube da sharar tsakar gida, Inna tana tara su a kusurwa bayan ɗakinta. Da rani sai Malam Ilu ya shigo da jakunansa daga wajen Ungogo, ya sauke mana itace, ya cika mangala da takin nan ya kai gonarsa. Da kaka ya kawo wa Inna damin gero. Duk lungunan cikin gari haka ake, kowane gida da mai jakinsa. Takin Inna har rigima aka taɓa yi a kansa, don ba ta bari ko sakaina ta shiga ciki. Garin yana ci daga gona, gona tana ci daga garin, ba wanda ya kira abin da wani suna.

To, da wannan idon na dubi tankin Jidda. Ban gaya wa kowa ba, don kada a riga ni. Matan suna cika kekunansu da gwangwani, ni ina cika nawa da ɓawo da ganye da toka. In na dawo in hau da su saman benen gidan in shanya. Rana a can ba ta wasa, kwana biyu abu ya bushe ƙayau. Na gano inda ake sayar da tumaki, na riƙa zuwa ina share kashinsu, masu tumakin suna kallona suna yi wa juna magana. Ina tsincewa da hannu, ina cire leda da tsinke, ina cakuɗawa da toka yadda Inna ke yi. Ƙudaje suka gane gidan. Matan suka fara mita. Talatu ta hau ta gani, ta riƙe haɓa ta ce, "Uwar kabewa, gona za ki yi mana a sama?"

Na ce, "Ke dai ki ci gaba da gwangwaninki. Ranar awo ma gani."

Wata guda cur na yi a kai. Na samu buhu huɗu, baƙi, mai laushi, ka damƙa ya wargaje a hannu. Wallahi ko a Madabo ban taɓa haɗa kamarsa ba.

Wanda ke sayen kayan matan wani mutumin Yaman ne mai sikeli a wani fili da aka zagaye da kwano. Na tura buhunana har gabansa, na kwance bakin ɗaya da kaina. Ya zura hannu, ya fito da shi, ya shinshina, ya yarfe. Ya yi magana da Larabci. Talatu ta ce, "Wai mene ne wannan."

Na ce, "Gaya masa taki ne. Gaya masa 'yar Kano ce ta haɗa, ba gauraye."

Ta gaya masa. Bai yi dariya ba, da ya yi ma da ya fi mini. Hannu ya ɗaga ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya faɗi kalma biyu. Talatu ta ƙi dubana. Na ce ta faɗa. Ta ce, "Ya ce ina gonar."

A wurin nan na tsaya na duba, karo na farko tun zuwana. Gabas duwatsu ne tsirara. Yamma teku. Tsakani kwalta da benaye. Wata guda ina yawo a garin ban ga jaki da mangala ba, ban ga kara ko ɗaya a tsaye ba, amma ban tambayi kaina ba, don ban taɓa sanin akwai garin da ba ya jingine da gona ba. Na mayar da buhunan keke. Babu inda zan kai su sai tankin da na ɗebo su. Na juye su ciki da hannuna, na tsaya har motar shara ta zo ta ɗaga tankin ta haɗiye. Talatu ba ta tsokane ni ba a hanya, ko sau ɗaya. Sai da muka kai soro ta ce, "Amma fa ya yi kyau, takin." Ban taɓa manta mata wannan ba.

Daga nan na koyi sana'ar yadda take. Gwangwani a take shi ya kwanta. Kwali a buɗe shi a ɗaure. Gurasa kuwa mutanen can ba sa jefa ta cikin tanki, suna tsoron alhakin abinci, sai su ƙulla a leda su rataya a jikin tankin. Mu kwasa mu shanya, masu tumaki su saya. Wannan ɗabi'a tasu ta burge ni, amma gurasa kaɗai suke yi wa. Shinkafa da nama da kwalba da ƙunzugun yara duk leda ɗaya. Mai sikeli kullum sai ya rage awo ya ce kwalinmu da danshi. Matan kuma da suka ga ko ya bushe sai ya rage, suka koma yayyafa masa ruwa tun a gida. Ya san suna yi, sun san ya sani. Ni ban taɓa jiƙa nawa ba, kuma bai taɓa fasa rage mini ba.

Abin da na samu ina aika wa Sani ta hannun masu komawa. Ban gaya masa daga ina yake fitowa ba. In ya tambaya a waya sai in ce miyar kukata ta karɓu.

A shekara ta biyu na samu layina, wani titi mai benaye da ba wadda ke bi sai ni. Wata safiya ina cikin tanki na ji abu ya taɓa mini kafaɗa. Igiya ce, da jaka a bakinta, ta sauko daga tagar hawa na uku. Na ɗaga kai na ga wata tsohuwar Balarabiya, fuska duk tamoji, tana yi mini alama in kwance. Gwangwanaye ne a ciki, an wanke su, har an take. Gurasa a ƙullinta daban. Sai wani ƙunshin kwali da aka ɗaure da jan ƙyalle. Na buɗe a hankali: fasasshen kofin gilas. Ta nuna ƙunshin, ta nuna tafin hannunta, ta girgiza kai.

Shekara uku igiyar nan tana saukowa. Ban san sunanta ba, ba ta san nawa ba. In ce assalamu alaikum, ta amsa, in yi mata addu'a da Hausa, ta ce amin. Ran nan ta sauko mini da dabino, ran nan da safar hannu ta roba mai kauri. Na kan tsaya ƙarƙashin tagar in ji kamar a ƙofar ɗakin Inna nake. Da su biyun sun haɗu, da sun gane juna ba tare da tafinta ba.

Ruwa bai cika sauka a garin ba. Ranar da ya sauka sosai, titi ya zama kogi, ledoji da robobi suna iyo a kai kamar agwagi. Matan suka fito suna murna da sanyi. Ni na zauna a soro ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina lissafin ko a gida wane wata ake ciki, ko an share indararo, ko Sani ya tuna ya buɗe rariya. Ranar ban ci abinci ba.

Talatu ba ta da tsohuwa a layinta. Wata rana ta cusa hannu a baƙar leda, fasasshiyar kwalba ta shige mata tsakanin yatsu. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da aiki. Kwana huɗu hannun ya zama kamar tulu. Asibiti sai da takarda, mu kuwa ba mu da ita. Na gasa mata da ruwan zafi da gishiri, na sa toka, na yi duk abin da na sani. Kumburin ya wuce gwiwar hannu ya doshi kafaɗa. Da ta ga haka ta yi wanka, ta sa atamfarta mai kyau, ta ce in raka ta inda askarawa, 'yan sandan can, ke tsayawa, ta miƙa kanta a mayar da ita gida.

A hanya na ce, "Da na ba ki safar nan."

Ta ce, "Da ke kwalbar ta yanka, ni kuma in rasa mai yi mini bauta." Muka ɗan taka. Sai ta ce, "Tsohuwarki ɗaya ce, Bakanuwa. Ki ƙirga tagogin layin nan."

Na tsaya nesa, don in na matsa da ni za a haɗa. Ta ɗaga mini lafiyayyen hannun ta shiga motarsu. Daga baya na ji a gida an yanke hannun daga kafaɗa, ta yi wata biyar ta rasu. Allah ya jiƙan Talatu. Kekenta ni na gada.

Akwai ranar da na so a ce ban fita ba. Mai sikeli ya tashi daga filinsa ya koma bayan gari, ya riƙa turo a-kori-kura tana kwasarmu da kayanmu. Direban ya bi da mu wata hanya, sai na hango dutse a gabanmu, tsuntsaye suna shawagi a kansa. Na ce wa ta kusa da ni ashe suna da Dala su ma. Ta ce in ƙara dubawa. Motocin shara ne ke hawa kansa a jere kamar tururuwa, suna juyewa suna saukowa. Na hau Dala ina budurwa, na san tsayinta. Wannan ya fi ta, kuma aka ce ba shi kaɗai ba ne. Na dubi buhunan da muke zaune a kai, aikin mata takwas na mako guda, hannun Talatu a ciki. Ko a gefen dutsen nan aka ajiye su ba mai lura. Takina ma yana can ciki, ƙarƙashin leda, inda ba abin da zai tsiro a kansa har tashin duniya.

Bayan nan igiya ta daina saukowa. Na yi mako ina ɗaga kai. Sai na ga an fito da katifa da keken guragu an jingina a jikin tankin, da buhun tufafin tsohuwa. Na gane ɗankwalin da take yafawa. Ban ɗauki komai ba ranar, na yi mata fatiha a tsaye na wuce. Waɗanda suka gaji gidan leda ɗaya suke yi kamar kowa.

Ba a daɗe ba aka kama ni, da hantsi, kaina a cikin tanki. Ban gudu ba. Bayan 'yan makonni a gidan da ake tara masu komawa, aka sa mu a jirgi. Na sauka Kano da carbi, da kayan jikina, da safar hannu.

Sani ɗan halak ne. Duk abin da na aiko yana jikin ɗakin: siminti har gwiwa, sabuwar azara, sabon yaɓe. Na shafa bangon na ce alhamdulillahi, shekara shida ba su tafi a banza ba. Sai na zagaya baya. Kududdufin da ruwan unguwarmu ke gangarawa tun kakanni babu shi. An yi ta zuba shara har ya cike, aka daddale, aka yi shaguna a kai. Rariyar gidanmu yanzu cikin wata siririyar kwata take zubarwa, kwatar kuwa leda ce maƙil.

Na ce ba a gabana ba. Na rataya buhu uku a tsakar gida: na gwangwani da ƙarfe, na leda da roba, na taki. Na bi gidajen lungunmu ɗaya bayan ɗaya, matan da na goya da waɗanda na yi wa wankan jego, na ce su ware, ni zan zo in karɓa, ko sisi ba na so. A nan asirin miyar kuka ya tonu, don ba mai iya take gwangwani haka sai wadda ta yi sana'ar. Na ji ana kirana Kano-Jidda in na wuce. Wata amarya da ban kai ga sanin sunanta ba ta ce, "Hajiya, ashe abin da aka je koyowa ke nan?" Na ce, "Shi ne, 'yar nan. Ke da ba ki je ko'ina ba, kawo ledarki." Gida biyar suka yarda. Bayan wata biyu saura biyu.

Gwangwani da ƙarfe ba su kwana, 'yan gwangwan suna zuwa har ƙofa. Robar ruwa masu zoɓo da kunun aya suna so. Ledar ruwa ma na samu mai ɗauka. Amma baƙar leda, da ta biskit, da ta omo, da ta taliyar yara, wadda ta fi kowacce yawa, ba wanda ya karɓa. Wannan ya ce a kai wa wancan, wancan ya ce injinsu ba ya cin irinta. Ƙonawa kuma na gwada sau ɗaya, maƙwabciyata mai ciwon ƙirji ta kwana biyu ba ta tashi ba. Zubawa a kwata kuwa, ai ita na fito yaƙa. Sai na riƙa danna ta a buhu ina jerawa a kusurwar bayan ɗakin Inna, inda takinta ke zama a da, ina jiran ranar da mai saye zai ɓullo. Buhu ya zama tara.

Takin kuma na aika a nemo mini gidan Malam Ilu. Ya daɗe da rasuwa. Ɗansa Sale ne ya zo, wanda na sani yana bin jakuna ba riga, yanzu da furfura a gemu, a kan babur. Muka gaisa, na jawo masa buhu biyu. Ya damƙa, ya murza, ya kai hanci.

Ya ce, "Hajiya, rabona da irin wannan tun Inna na da rai."

Na ce, "To ga shi. Ka dawo da jakuna, in haɗa maka lungun nan gaba ɗaya."

Ya ce, "Jakuna ai an sayar tuni. Mun daina ɗaukar takin birni. Na ƙarshen da muka zuba, har yau in na sa garma leda nake tonowa. Shuka ta fito ta tarar da leda ta lanƙwashe. Bijimina na noma da ya mutu, da aka farka cikinsa, abin da aka fitar ya cika daro." Ya sake murza takin. "Naki mai kyau ne. Amma buhu biyu, ko man da na ƙona zuwa nan bai mayar ba."

Ya ɗauka dai, don kara. Na san ba zai dawo ba.

Ruwan da ya yi mana aika-aika da la'asar ya sauko, tsakiyar damina. Kwatar waje ta cika ta fara turo ruwa cikin gida ta rariya. Ruwan ya ɗaga buhunan nan tara, rana ta riga ta cinye jikinsu, biyu suka fashe. Da ruwan waje ya fara janyewa, ledata ce ta bi shi ta toshe rariyar daga ciki. Leda tsaf, wankakkiya, wadda na tsince da hannuna. Na sa safar tsohuwa na durƙusa cikin ruwa ina tonowa, Sani yana kwarfa da bokiti. In na cire damƙi ɗaya wani ya maye. Kafin mu buɗe ta ruwa ya wuce gwiwa, ya haura simintin, ya samu ƙasa. Bangon ya sha ya ƙoshi.

Washegari da hantsi, rana ta fito sarai, muna shanya tabarmi, ɗakin ya zauna. Bai yi ƙara ba. Kamar raƙumi ya durƙusa. Simintin da na yi shekara shida ina biya yana nan tsaye har gwiwa, ko tsagewa bai yi ba, da tarin ƙasa a cikinsa.

Sani ya ce, "Iya, da kin bari ta bi kwata kamar ta kowa."

Har yanzu ban san ko yana da gaskiya ba. Masu zuwa jaje suna tambayata ko wahalar nan ta ware shara tana da amfani. Nakan ce tana da shi ga hannun mai tonawa. Da kowace taga ta yi abin da tsohuwar nan ta yi, da Talatu ta mutu da hannunta biyu. Wannan na gani da idona. Amma a ce gida ɗaya, ko biyar, su tare abin da ake ƙerawa dare da rana ba tare da an tanadi inda zai koma ba, ni dai na gwada a ƙasa biyu. Na Inna ya yiwu ne don duk abin da ya shigo gidanta ƙasa ta san shi.

Bayan mako guda sai ga Sale, ya ji labari. Ya yi jaje, ya zauna, ya tashi, ya zagaya tarin ƙasar, ya tsuguna ya damƙa. Na ga yana jin nauyin magana. Na ce ya faɗa.

Ya ce, "Hajiya, ƙasar tsohon gini ba abin da ya kai ta a gona. Ta sha hayaƙi, ta sha toka shekara da shekaru. Kuma wannan an kwaɓa ta tun kafin a san leda. In ba za ki sake ginawa da ita ba, wannan kam zan ɗauko mota."

Na dubi Sani, ya sunkuyar da kai. Ba mu da abin tayar da ɗaki, shi ya sani ni na sani. Na ce, "Kwashe."

Sawu uku motar ta yi. Na tsaya a soro har aka share wurin.

Da kaka Sale ya kawo mini damin gero, ya ce inda aka zuba ƙasar ya fi ko'ina tsayi a gonar. Ya ajiye a daidai inda ubansa ke ajiye wa Inna. Na sussuka da kaina, na sheƙe, na surfa, na ba Sani a ƙwarya ya biya da shi inji a hanyarsa ta kasuwa. Da yamma ya dawo, ya ce ƙwaryar ta faɗi daga babur ta fashe, kuma ya tambaya an ce ba sauran gyartai a layin. Ya miƙo mini garin a ƙulle cikin baƙar leda.